Manhajata ba ta tura bayanai sai an buɗe ta: yaya ake riƙe aikin bayan fage daga Android 6 zuwa 14?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu sana'ar rubuta manhaja. Daga Tawa nake rubutowa, kuma matsalar da ta kawo ni ta kusan cika wata biyu tana hana ni sukuni. Na rubuta wa wata ƙungiyar manoman albasa manhajar Android wadda wakilanta suke shigar da buhunan da aka karɓa daga hannun kowane manomi, da nauyinsu, da kuɗin da aka ba shi kafin a sayar. Wakilan su 12 ne, suna yawo tsakanin Galmi da Madawa da ƙauyukan da ke kewaye, inda rezo yake zuwa ya ɗauke ba tare da sallama ba. Saboda haka manhajar tana ajiye komai a cikin salula, sai ta tura wa uwar garke, wato kwamfutar da take tara bayanan, idan ta samu intanet, domin ma'aji ya ga lissafi daga ofishinsu da ke nan cikin gari.

Ga yadda na tsara turawar. Na rubuta hidima guda, wato ɓangaren manhaja da yake aiki a bayan fage ko da ba a buɗe ta ba, wadda take tashi da zarar an kunna waya, tana duba intanet kowane minti ɗaya, kuma na sa mata START_STICKY domin idan an kashe ta ta dawo. A tsohuwar wayata mai Android 7 na yi mako guda ina gwaji, ban ga aibi ba. Da aka raba wa wakilai sai labari ya sha bamban. Masu Android 8 da 9 manhajar tana faɗuwa da IllegalStateException tun daga kunna waya. Na koma startForegroundService, sai wasu suka fara faɗuwa da saƙon cewa ban kira startForeground a kan lokaci ba, mai Android 12 kuma yana ba ni ForegroundServiceStartNotAllowedException duk lokacin da na so in tayar da hidimar bayan an kashe ta. Akwai kuma wayoyin da ba su faɗuwa, ba su nuna kuskure, shiru kawai suke yi har sai wakili ya buɗe manhajar da hannunsa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru makon jiya. Wani dattijo ya zo ofis karɓar ragowar kuɗinsa, aka duba ba a ga buhunansa ba, har aka fara yi wa wakilin kallon zargi, alhali rubutun yana kwance a cikin wayarsa kwana huɗu bai tafi ba. Mafi tsufa a wayoyin tana da Android 6, mafi sabunta tana da 14, kuma ba ni da bakin da zan ce wa mutanen nan su sayi sabuwar waya saboda manhajata. Ina roƙon wanda ya san hanyar da hidima za ta zauna da rai a duk waɗannan sigogi ya taimaka mini.

Mai Gyaran Salula na Katako:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ba marubucin manhaja ba ne, amma wayoyi irin waɗanda ka kwatanta su ne suke wucewa ta teburina kullum. Yawancinsu ƙwaƙwalwar aikinsu giga 1 ce ko 2, wasu ma Android Go suke ɗauke da shi, kuma da zarar mutum ya buɗe WhatsApp da Facebook tare, wayar dole ta sauke wani kaya kafin ta iya motsi. Bayan haka, masu ƙera wayoyi da dama suna ƙara nasu mai tsaron batiri a kan na Android, da wani jeri na manhajojin da aka yarda su tashi da kansu, wanda duk sabuwar manhaja a kulle take a cikinsa sai an shiga saiti an buɗe mata. Ka tambayi wakilanka ko suna danna maɓallin nan na share ƙwaƙwalwa mai hoton tsintsiya. Mutanenmu suna danna shi sau da yawa a wuni, domin an gaya musu yana sa waya sauri.

Ɗan Wadata:

Ɗan uwa, kada ka wahalar da kanka. Tunda ba ta Play Store kake raba manhajar ba, hannu da hannu kake tura ta, ka mayar da targetSdkVersion ɗinka, wato matakin Android da manhajar ta nufa, zuwa 25. Takunkumin da Android 8 ya sa wa hidimomin bayan fage yana hawa kan manhajar da ta nufi mataki na 26, wato na Android 8, zuwa sama ne, wadda ta tsaya a 25 ana yi mata mu'amala irin ta da. Sannan ka rubuta hidima biyu, kowace tana gadin ƴar uwarta, idan ɗaya ta mutu ɗayar ta tayar da ita, ka ƙara da ƙararrawar AlarmManager mai maimaitawa. Na yi haka a wani aiki shekarun baya kuma ya riƙe ni. Manoma ba ruwansu da ko hanyar ta dace da littafi, abin da suke so shi ne lissafinsu ya isa ofis.

Malamin Harobanda:

Ɗan Adar, Allah ya saka maka da alheri da ka bayyana matsalar dalla-dalla. Zan ɗan tsawaita, domin ina ganin tambayar ce take buƙatar gyara kafin a nemi amsarta. Kana neman hanyar da hidimarka ba za ta mutu ba, amma babu sigar Android ko ɗaya da ta taɓa yi wa manhaja wannan alkawari. START_STICKY roƙo ne kawai cewa idan tsarin ya kashe hidimar saboda ƙarancin ƙwaƙwalwa, ya dawo da ita lokacin da hali ya yi. Abin da ya dace ka nema shi ne yadda aikin zai tsira ko da an kashe manhajar sau goma a rana.

Ka duba yadda abin ya faro. A Android 6, wanda ya fito a 2015, aka shigo da tsarin gyangyaɗi da ake kira Doze. Idan waya ba ta kan caji, fuskarta a kashe, kuma tana ajiye wuri ɗaya na wani lokaci, sai tsarin ya yanke wa manhajoji intanet, ya jinkirta ƙararrawa da ayyukan da aka tsara, ya riƙa buɗe ƴar taga lokaci-lokaci domin a yi abin da ya taru, kuma tazarar tagogin tana ƙaruwa muddin wayar ba ta motsa ba. A Android 7 na 2016 aka ƙara wani gyangyaɗi mai sauƙi wanda yake kama waya ko da tana cikin aljihu ana tafiya da ita, aka kuma daina sanar da sauyin intanet ga masu sauraron da aka rubuta a manifest, fayil ɗin da manhaja take bayyana sassanta a ciki. Ina kyautata zaton gwajinka ya yi kyau ne saboda wayar tana jone da kwamfuta ta kebul, ita kuwa waya muddin tana shan caji ba ta gyangyaɗi.

Android 8 na 2017 shi ne babbar mararraba. Daga nan manhajar da take bayan fage ba ta da ikon kiran startService, abin da ya jawo maka faɗuwar farko ke nan. Aka ba da startForegroundService a madadinsa, da sharaɗin cewa cikin daƙiƙa 5 hidimar za ta kira startForeground ta nuna sanarwa, sanarwar kuma dole ta kasance da tasharta. A waya mai rauni, idan ka fara buɗe rumbun bayanai ko duba intanet kafin ka nuna sanarwar, daƙiƙa 5 ɗin za su ƙare kana tsakiyar hanya. Android 9 ya kawo izinin FOREGROUND_SERVICE, ya kuma fara rarraba manhajoji rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su, wadda ba a cika buɗewa ba ana rage mata dama. Android 12 na 2021 ya hana tayar da hidima mai sanarwa daga bayan fage in ban da wasu lokuta ƙalilan da aka keɓe. Android 14 ya wajabta bayyana irin aikin da hidimar take yi, Android 15 kuma ya ƙayyade wa nau'in dataSync, na tura bayanai, awa 6 a cikin awa 24.

Game da shawarar Ɗan Wadata, gaskiya ne saukar da mataki zuwa 25 zai kawar da faɗuwar Android 8, ba zan musa ba. Amma Doze ba ya duba matakin da ka nufa, kowa yake kamawa, haka ma mai tsaron batirin da Mai Gyara ya ambata. Sannan Android 14 ba ya karɓar manhajar da ta nufi ƙasa da 23, Android 15 ba ya karɓar wadda ta nufi ƙasa da 24, ka ga ke nan 25 a bakin ƙofa yake zaune. Ranar da ƙungiyar ta so shiga Play Store kuwa, tun a ƙarshen Agustan 2024 aka daina karɓar sabuwar manhaja ko sabuntawa da ta gaza mataki na 34. Hidima biyu masu gadin juna kuma idan a tsari ɗaya suke gudana tare za a kashe su, idan a raba suke sun ninka nauyin da waya mai giga 1 take ɗauka.

Shawarata ita ce ka sauke hidimar gaba ɗaya ka koma WorkManager, kayan aikin Android na tsara ayyukan bayan fage. Shi yake rubuta aikin a nasa rumbun, ya miƙa wa JobScheduler, mai tsara ayyuka na cikin tsarin, wanda yake nan tun Android 5, ya kuma sake tsara shi bayan an kashe waya an kunna. Duk wayoyinka daga 6 zuwa 14 yana ɗauke da su da kod guda.

Ɗan Adar:

Malam, na gode ƙwarai, kuma batun kebul ɗin haka yake, wayar tana jone da kwamfuta kusan duk tsawon gwajin. Amma ga abin da ya hana ni WorkManager tun farko. Na karanta cewa aikin da yake maimaitawa ba ya sauka ƙasa da minti 15. A inda wakilan nan suke aiki, rezo yakan samu ne na ƴan mintuna, a kan wani tudu ko a bakin kwalta lokacin da suke jiran mota. Idan aikin ya tashi sau ɗaya cikin minti 15, yana iya tashi kafin a iso wurin da bayan an wuce shi, a yi ta saɓani har dare. Wannan ne ya sa na zaɓi duba kowane minti.

Malamar Yantala:

Ƙanena, minti 15 ɗin da ka karanta gaskiya ne, amma na aikin da yake maimaita kansa ne, kai kuwa ba shi kake buƙata a gaba ba. Na yi shekaru ina aiki a kan manhajar tattara bayanai a karkara, kuma wannan saɓanin na san shi. Duk lokacin da wakili ya adana buhu, ka rubuta shi a rumbun bayanan cikin waya, SQLite ko Room, tukuna, sannan ka jefa aiki na sau ɗaya, OneTimeWorkRequest, da sharaɗin NetworkType.CONNECTED. Daga nan ba kai ne mai leƙen intanet ba, tsarin ne yake lura, idan intanet ta samu kuma wayar ba ta cikin gyangyaɗi sai ya tayar da aikinka ko da manhajar a rufe take. Ka yi amfani da enqueueUniqueWork da suna guda domin kada buhu 40 su haifi aiki 40, aikin kuma idan ya tashi ya yi ta kwashe layi har ya ƙare. Mai maimaitawar sai ka bar shi a baya a matsayin mai share abin da ya zube, ko da awa-awa ne ya wadatar.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, tunda kuɗin mutane kake rubutawa. A rezo mai rauni sau da yawa saƙo yana isa uwar garke, amma amsar ba ta dawowa. Wayar sai ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa, manomi ya wayi gari da buhu 20 a maimakon 10, ana magani kai yana kaba. Saboda haka kowane rubutu ya samu lambarsa ta UUID, wadda babu wani rubutu mai irinta, tun a cikin waya, uwar garke kuma idan ta ga lamba ɗaya sau biyu ta amsa da na'am amma ta rubuta sau ɗaya. Kada ka sa wa rubutu alamar ya tafi sai amsa ta shigo hannunka. Ka tura kaɗan-kaɗan, kamar 10 a kowane zubi, domin idan rezo ya ɗauke a tsakiya abin da ya wuce ya wuce, kuma ka tuna aikin WorkManager na yau da kullum minti 10 ake ba shi kafin a tsayar da shi. Idan turawa ta gaza ka mayar da Result.retry, zai jira daƙiƙa 30 a karon farko, jiran ya riƙa ninkawa. Idan akwai hotuna, ka ware musu nasu aikin ka kuma rage girmansu, kada hoto ɗaya ya tare wa lissafi hanya ya kuma cinye wa wakili megarsa.

Sai kuma abu na ƙarshe da zai hana irin abin da ya faru da dattijon nan. A shafin farko na manhajar, da manyan haruffa, ka nuna adadin rubutun da bai tafi ba da lokacin turawa ta ƙarshe, ka sa maɓallin tura yanzu a ƙarƙashinsa. A ɓangaren ma'aji ma ka nuna ranar da kowace waya ta yi magana ta ƙarshe. Da ma'aji ya ga cewa wayar wakilin ta kwana huɗu ba ta ce komai ba, da wayar za a fara tuhuma kafin mutum.

Ɗan Wadata:

Malam da Malama, na karɓi gyara a kan matakin 25, amma ban yarda a nuna WorkManager kamar ya gama magana ba. Akwai wayoyin da idan mutum ya ture manhaja daga jerin waɗanda ya buɗe kwanan nan, suna ɗaukar hakan tamkar an danna tsayarwa ta dole. Ita kuwa tsayarwa ta dole tana share ƙararrawa da ayyukan da aka tsara, manhajar ba ta ƙara jin komai, har kunna waya ba ta ji, sai ranar da mutum ya taɓa ta da yatsansa. WorkManager bai fi ƙarfin wannan ba. Kuma ni a yanzu ina riƙe da manhajar masu kai saƙo a kan moto a nan Yamai, inda mai kaya yake son ganin inda ɗan aike yake daga Wadata har ya haye gada. Wane aikin sau ɗaya ne zai yi mini wannan? Dole sai abin da yake gudana ba yankewa.

Malamin Harobanda:

Ɗan Wadata, a duka biyun kana da gaskiya. Tsayarwa ta dole babu kod ɗin da yake tsallake ta, kuma hidimominka biyu ma ba su tsallake ta, tun Android 3.1 haka dokar take. Abin da WorkManager yake yi shi ne idan aka sake buɗe manhajar ya gane an tsayar da shi, ya mayar da ayyukansa layi. Maganin wannan a hannun mutum yake. Ranar da ake ɗora wa wakili manhajar, a zauna da shi a shiga saiti, a buɗe mata izinin tashi da kanta, a cire ta daga takurawar batiri, a kulle ta a jerin kwanan nan idan wayar tana da wannan. Manhajar tana iya kai mutum shafin saitin batiri da kanta. Neman keɓewa kai tsaye da REQUEST_IGNORE_BATTERY_OPTIMIZATIONS kuwa, ƙa'idar Play Store ba ta yarda da shi sai ga manhajar da ainihin aikinta ba zai yiwu ba sai da shi, amma ga mai raba manhaja hannu da hannu kamar Ɗan Adar hanya ce a buɗe.

Aikinka na masu moto daban yake, kuma irinsa aka yi hidima mai sanarwa dominsa. Bambancin shi ne aiki ne da mutum ya fara da saninsa, yana da farko yana da ƙarshe. Ɗan aike ya buɗe manhaja ya danna na fara, a wannan lokacin manhajar tana gaban ido, don haka hanin Android 12 bai shafe ka ba. Ka kira ContextCompat.startForegroundService, wanda yake zaɓar kiran da ya dace da tsohuwar siga ko sabuwa, ka nuna sanarwa a layin farko kafin komai, ka bayyana nau'in location kamar yadda aka fara nema tun Android 10, ka ƙara izinin FOREGROUND_SERVICE_LOCATION domin Android 14. Idan ya sauke kaya ya danna na gama, hidimar ta tsaya. In ba da hidima mai sanarwa ba, tun Android 8 manhajar bayan fage ba ta samun wurin da waya take sai ƴan lokuta a awa guda. Kuma ina ganin haƙƙin ɗan aiken ne ya ga sanarwar nan, ya san lokacin da ake bin sawunsa da lokacin da aka daina.

Ɗalibi daga Jami'ar Tawa:

Malamaina, ku yi mini haƙuri in shigo da tawa tunda kusa take da wannan. Ina rubuta manhajar lokutan salla a matsayin aikin ƙarshen shekara. Azahar da La'asar suna kira daidai, amma ta Asuba takan makara, wani lokaci har gari ya waye. Shin ni ma WorkManager zan koma?

Malamar Yantala:

A'a, ɗana, WorkManager ba ya alkawarin minti, alkawarin aikin zai yiwu kawai yake yi. Asubarka tana makara ne saboda a wannan lokacin wayar ta daɗe a ajiye, gyangyaɗinta ya yi nisa. Kai AlarmManager kake buƙata. Tun Android 4.4 setRepeating ya daina zama daidai, saboda haka kada ka dogara da shi. Ka yi amfani da setAlarmClock, wanda yake nan tun Android 5 kuma yana tayar da waya daga Doze, ko setExactAndAllowWhileIdle daga Android 6, wanda a cikin gyangyaɗi ba ya bugawa fiye da sau ɗaya a minti 9, abin da ba zai dame ka ba tunda salloli sun fi haka tazara. Ka tsara salla ɗaya, idan ta buga ka tsara mai bi mata. Daga Android 12 sai da izinin SCHEDULE_EXACT_ALARM, kuma a Android 14 sabuwar manhaja a hane take zuwa, don haka ka duba canScheduleExactAlarms kafin kira, in babu ka kai mutum saiti. Android 13 kuma yana neman izinin POST_NOTIFICATIONS kafin sanarwa ta fito. Kashe waya yana share ƙararrawa duka, sai ka saurari BOOT_COMPLETED da sauyin agogo ka sake tsarawa. Ba sai ka kwana kana jiran Asuba ba wajen gwaji, daga kwamfutar da ka jona da wayar, umarnin adb shell dumpsys battery unplug da adb shell dumpsys deviceidle force-idle za su sa wayar gyangyaɗi nan take.

Mai Gyaran Salula na Katako:

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan batun duba intanet kowane minti. Waya a wurin da rezo yake da rauni ta fi shan batiri, domin tana ƙara ƙarfi wajen neman eriya, idan kuma aka haɗa da manhajar da ba ta barin ta ta huta, a zafin Afrilu da Mayu, batiri ne yake kumbura. Wakilin da yake ƙauyen da babu kuran, kuɗi yake biya wajen mai caji da hasken rana, kuma idan ya lura cewa tun da aka sa masa manhajar nan wayarsa ba ta kai yamma, ba zai zo ya yi ƙorafi ba, cire ta zai yi ko ya tsayar da ita. Ina ganin irin wannan a shago. Wani abin lura kuma shi ne lokacin da suke kai waya caji galibi a gari ne ko a kasuwa, inda rezo ya fi kyau, ka ga a lokacin wayar a farke take, aikin da yake jira zai samu hanya.

Ɗan Adar:

Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na cire hidimar, na sa aikin sau ɗaya mai sharaɗin intanet, na sa UUID, na sa ƙidayar abin da bai tafi ba a shafin farko. A maɓallin tura yanzu na yi amfani da setExpedited, sai ya faɗi a wayoyin da ba su kai Android 12 ba, har na gano cewa a can yana komawa hidima mai sanarwa ne, dole in rubuta masa getForegroundInfo. Na je Galmi da kaina na zauna da wakilai muka bi saitin wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Da na duba rumbun uwar garke kuma, Malama, na tarar da rubutu 6 da tsohon tsarin ya riga ya ninka ba wanda ya lura, mun gyara su tare da ma'aji kafin a biya kowa.

Waya 8 yanzu suna turawa da kansu. Guda 4 sun rage. Uku daga cikinsu, biyu masu Android 6 da ɗaya mai 7.0, aikin yana tashi amma yana gazawa da SSLHandshakeException ko da intanet tana da kyau, alhali adireshin yana buɗewa a sauran wayoyi. Ta huɗun mai Android 11 ce, ita kuma ba ta turawa sai an buɗe manhajar, duk da mun buɗe mata duk izinin da muka gani.

Malamar Yantala:

Waɗannan ukun ba batun bayan fage ba ne, kuma mai yiwuwa tun farko ba su taɓa turawa ba, sauran matsalolin ne suka rufe su. Ka duba wanda ya ba uwar garkenka takardar shaida, wadda waya take dubawa kafin ta yarda da ita. Idan Let's Encrypt ne, tushensa mai suna ISRG Root X1 ba ya cikin Android da bai kai 7.1.1 ba. A da akwai sa hannun haɗin gwiwa da wani tsohon tushe da ya sa tsofaffin wayoyi suke yarda, amma wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen Satumban 2024. Ka sa tushen a cikin manhajar. A 7.0 fayil ɗin network security config ya isa, a Android 6 kuwa babu shi, sai ka ƙara tushen a cikin amintattun da OkHttp, kayan aikin da yake haɗa manhaja da intanet, yake dubawa. Ina roƙonka kada ka kashe duba takardar shaida gaba ɗaya, ko da ka ga ana ba da wannan shawara, domin lissafin kuɗin manoma ne yake bin wannan hanya.

Ita mai Android 11, kana da sa'a domin daga wannan sigar akwai ApplicationExitInfo. Ka kira getHistoricalProcessExitReasons duk lokacin da aka buɗe manhajar, ka ajiye dalilin mutuwarta ta ƙarshe, ka tura shi tare da bayanai. Zai nuna maka ko ƙarancin ƙwaƙwalwa ne ko tsayarwa aka yi.

Mai Gyaran Salula na Katako:

Kafin ka taɓa kod, ƙanena, ka sa su duba kwanan wata a wayoyin ukun. Tsofaffin wayoyi masu batirin da ake cirewa, idan aka zare shi aka mayar, agogo yakan koma shekarun baya, kuma waya mai kwanan wata na bogi ba ta yarda da takardar shaida ko wace iri ce.

Ɗan Adar:

Yaya Mai Gyara, ɗaya daga cikin masu Android 6 kwanan watanta ya koma baya da shekaru, mai ita yana canza batiri biyu ne a wuni. Mun gyara agogon, mun kunna masa ɗaukar lokaci daga rezo, amma ba ta tura ba sai da na sa tushen kamar yadda Malama ta ce, daga nan duka ukun suka kwashe abin da ya taru a cikinsu. Na kuma sa manhajar ta yi gargaɗi idan agogon waya ya saɓa da na uwar garke da fiye da kwana guda.

Mai Android 11 ta turo dalilinta jiya da dare, REASON_USER_REQUESTED sau 5 cikin kwana biyu, wakilin kuma ya rantse bai taɓa shiga saiti ya tsayar da ita ba, kuma na yarda da shi. Ina zargin akwai wata manhajar share ƙwaƙwalwa da wani ya ɗora masa, ko kuwa ture manhaja daga jerin kwanan nan ne yake zama tsayarwa a wannan wayar, kamar yadda Ɗan Wadata ya faɗa. Zan same shi a Madawa ranar kasuwa da kwamfuta da kebul, in ture manhajar a gabansa in ga abin da adb zai nuna. Kafin nan na ce masa ya riƙa buɗe ta duk lokacin da ya kai waya caji, ma'aji kuma yana duba shafin ranar magana ta ƙarshe kafin ya biya kowane manomi da ke ƙarƙashinsa.